Hutun Iyali: Yaushe Za Mu Kai 'Ya'yanmu Kamuku?

Yau maganar hutu za mu yi, watau irin hutun nan da iyali kan shirya su bar gida na kwana biyu ko uku, su je wani gandun daji na ƙasarsu, yara su ga namun dawa da idonsu, a kwana a masauki, sa'an nan a komo gida. Na sani tun kafin in yi nisa wata za ta ce, "Haba Malama, ana ta kai wa yake ta kaya? Mu da ke fama da kuɗin cefane da na makaranta, ina mu ina yawon buɗe ido?" Wata kuwa, musamman idan daga yammacin Jihar Kaduna take, da ta ji an ambaci daji sai gabanta ya faɗi. Duka biyun suna da hujja, kuma saboda su ne muka ɗauko wannan magana.

Ra'ayin wannan fili shi ne, kai yaro ya ga dajin ƙasarsa da abin da Allah ya halitta a cikinsa yana cikin tarbiyya, kuma uwa ce ta fi dacewa ta riƙe shirin tun daga farkonsa. Amma shiri na hankali daga lafiyar hanya da ta wurin kwana yake farawa, kallon giwa daga baya ne. Babu kuwa inda ya fi nuna mana gaskiyar haka kamar dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari.

DUKIYAR DA KE BAYAN GIDANMU

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunan Kamuku ba sai a labarun rediyo na satar shanu da satar mutane. To, ya kamata mu sani cewa wannan daji yana da tarihinsa tun kafin a haifi iyayen mafi yawanmu. A shekarar 1936 ne En'e ta keɓe shi ya zama gandun daji, watau wurin da ba a sara ba a farauta sai da izini. A watan Mayu na 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga darajarsa ya shiga sahun manyan gandayen namun daji na ƙasa. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,120, ofishinsa yana cikin garin Birnin Gwari, wanda ke da nisan kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna. Ta wajen arewa maso yamma ya haɗu da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Sunansa kuwa daga ƙabilar Kamuku ya samo shi, su da Gwarawa ne tsofaffin mazauna wannan yanki.

Ita wannan dabara ta keɓe daji a ce na al'umma ne baki ɗaya, a kiyaye shi don 'yan baya, ta soma ne a Amurka a 1872 da gandun Yelosuton. Nijeriya tana da irinsu guda 7 da suka daɗe: na Kainji, da Gashaka Gumti, da na yankin Tafkin Cadi, da Tsohon Oyo, da Kuros Riba, da Okomu, sai namu na Kamuku. A 2020 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin guda 10. Ashe ke nan mutanen Jihar Kaduna suna da abin da jihohi da yawa ba su da shi.

Me ke cikinsa? Itatuwan da muka sani ne, waɗanda muke cin amfaninsu kullum ba mu ko tuna inda suka fito: doka, da baushe, da taura, da maje, da ƙirya, da ɗorawar da muke yin daddawa da kalwarta. A lissafin da aka yi kafin al'amura su dagule, akwai giwa, da gwanki, da kanki, da mazo, da gada, da mugun dawa, da bika, da jan biri. Tsuntsaye kuwa an ƙirga aƙalla iri 177, har da burtu da tuje, waɗanda yaran yanzu ba su san su ba sai a tatsuniya, in ma sun samu mai yi musu tatsuniyar. Akwai Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Akwai wani ƙaton dutse mai sulɓi, mai zane baƙi da fari, ana ce masa Goron Dutse, sunansa ɗaya da na Kano. Akwai kuma Tsaunin Rema, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su, remaye suna ta kai da kawowa a tsakaninsu. Duk wannan a wurin da za a bar Kaduna da safe a isa kafin azahar.

YADDA AKA RABA MU DA SHI

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Fitinar ta soma da satar shanu, ɓarayi suka ga daji ne mai faɗi, ya haɗa jihohi, malaman dajin da ke tsaronsa kuwa ba su da yawa, makamansu ma ba su kai na ɓarayin ba. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro, aka ƙwato shanu masu yawa, amma wutar ba ta mutu ba. Daga satar shanu aka koma satar mutane don neman kuɗin fansa. A watan Mayu na 2018 aka kai hari ƙauyen Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda ta bi ta Buruku da Udawa, ta zama ba a binta sai da rakiya da addu'a. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari na biyu, ya sha kai kukan jama'arsa ga hukuma a cikin waɗannan shekaru. Mu iyaye mata ba za mu manta da ran 7 ga Maris na 2024 ba, ranar da aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan wannan hanya, sai ran 24 ga watan aka samo yara 137.

A irin wannan hali wa zai yi zancen kallon tsuntsaye? Harkar baƙi ta tsaya a gandun. Mata suka rasa mazaje da 'ya'ya, gonaki suka koma saura, masu tsintar kaɗanya da ɗorawa a gefen daji suka bar sana'ar da suka gada. Akwai kuma wata asarar da ba a cika ƙirga ta ba. Mu malaman makaranta mun san ta. Ki tambayi ɗan aji uku a wannan yanki abin da ke cikin daji, ba zai ce miki gwanki ba, 'yan bindiga zai ce. Ya san zakin Kenya domin ya gan shi a talabijin, amma gadar da ke bayan garinsu bai san kamarta ba. Yaron da ya tashi bai san daji da komai ba sai tsoro, idan ya girma ba zai damu ba ko an sare shi an yi gawayi.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma buɗe kasuwar shanun garin wadda ta yi shekara kamar 10 a rufe. A watannin da suka biyo baya motoci suka koma bin hanya, manoma da dama suka koma gonakinsu. Wannan abin godiya ga Allah ne, kuma muna roƙon ya ɗore.

Amma fa 'yan'uwa, kada murna ta sa mu yi garaje. Ɗan kasuwar da ya bi hanya, neman abinci ne ya fitar da shi. Uwar da ta kwashi yara biyar zuwa kallon gwanki ba ta da wannan uzuri idan wani abu ya faru. Saboda haka shawararmu a fili take: kada wata ta kai yaranta cikin dajin Kamuku sai ta ga alamu uku. Na farko, hukumar gandun ta faɗa da bakinta cewa ta buɗe ƙofa ga iyalai da 'yan makaranta. Na biyu, malaman daji da kansu suna kwana a sansanoninsu na ciki, suna kuma raka baƙi. Na uku, mutanen garin da kika yarda da su sun tabbatar miki an ga rani an ga damina ba a tare kowa ba a wannan ɓangare. In ɗaya ta rasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

KAFIN NAN, INA ZA A JE?

Jiran Kamuku ba zai sa a zauna a naɗe hannu ba, domin yara girma suke yi. Wurin da ya fi shahara a Arewa shi ne Yankari ta Jihar Bauci. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962, ta zama ta Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauci a 2006. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244, watau ninki biyu na Kamuku. Daga garin Bauci zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, kimanin kilomita 110 ne. Akwai giwa, da ɓauna, da dorina, da kada, da gwambaza, bika kuwa har ƙofar ɗaki suke zuwa. Akwai maɓuɓɓugar Wikki mai ruwa garai-garai, wadda ɗuminta ba ya barin awo 31 dare da rana, ko da sanyin hunturu. A cikin garin Bauci kuma ana iya kai yara kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, su ji tarihi. A wannan jiha ne har ila yau gandun Sumu yake, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006.

Sai dai ita ma Yankari dokar nan ta tambaya tana kanta. A 2025 an ji labarin hare-hare a wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumar Alkaleri, inda gandun yake. Don haka kafin a ɗaura kaya, maigida ya bugo ofishin gandun, ya kuma tambayi wani ɗan'uwa ko aboki mazaunin Bauci. Matambayi ba ya ɓata.

Wadda aljihunta bai kai nan ba, kada ta raina na kusa. Gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano, da gandun namun daji na Jos, duka biyun tun 1972 suke. Gaskiya ne dabba a keji ba ɗaya take da dabba a dawa ba, amma gani ya kori ji, kuma yaron da ya soma da nan zai fi gane abin da zai gani a can.

SHIRIN TAFIYA

Abu na farko shi ne lokaci. Yawancinmu babban hutun makaranta muke tunawa, alhali kuwa shi ya fi kowane rashin dacewa, domin tsakiyar damina ne. Ciyawa ta rufe ko'ina, hanyoyin cikin daji sun yi laka, ruwa yana ko'ina saboda haka dabbobi sun watsu. Hutun Disamba ya fi daɗi, sai dai a riƙe rigunan sanyi. Hutun Afrilu akwai zafi ƙwarai, amma a lokacin ne dabbobi ke taruwa a bakin ruwa, a Yankari a bakin kogin Gaji, sai a gan su ba wahala. Fita kallo kuwa da sassafe ake yi, ko bayan la'asar. Da tsakar rana dabba tana inuwa kamar kowa.

Abu na biyu kuɗi. Ki samu takarda ki raba lissafin gida biyar: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin masauki, kuɗin abinci, kuɗin shiga da na ɗan jagora da motar zagaya, sai na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko mota ta lalace. Kowane ɗaya a tambayi farashinsa na wannan lokaci, kada a dogara da abin da maƙwabciya ta biya shekara biyu da suka wuce. Idan an haɗa, sai a raba shi bisa watannin da suka rage. Mu ɗauka, don misali kawai, lissafi ya kama naira dubu 200, saura wata 10, ke nan dubu 20 kowane wata, maigida ya ɗauki kaso mafi tsoka, ke ki kawo abin da ya sauwaƙa daga sana'arki ko adashi. Mun iya zubin adashi don ankon biki da kayan ɗaki, me zai hana mu yi shi don abin da zai zauna a zuciyar yaro har tsufansa? Sharaɗi ɗaya ne, kada a ci bashi, kada kuma a taɓa kuɗin makaranta. In bai cika bana ba, a bari sai baɗi.

Maigida kuma a san yadda za a tunkare shi. Kada a tare shi da maganar yana shigowa a gajiye. A bari ya ci abinci ya huta, sa'an nan a kawo masa takardar lissafi. Namiji ya fi saurin amincewa idan ya ga abu a rubuce, ya ga kuma uwargida ta riga ta soma tara nata. A tuna masa addininmu ma ya kwaɗaitar da mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi halittar Ubangiji. Idan gida biyu ko uku na 'yan'uwa suka haɗu suka ɗauki shatar mota ɗaya, kuɗi zai ragu, ga maza da yawa a tafiyar, hankali ya fi kwanciya. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kada hutu ya zama sanadin gaba. In ba za a iya tafiya da kowa ba, a yi ƙuri'a kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi tsakanin iyalinsa idan zai yi tafiya, wadda ba ta je bana ba ta je baɗi. Yara kuwa a ɗauka daga kowane ɗaki, kuma don Allah kada a bar 'yar riƙo tana gadin gida 'yan'uwanta suna can suna kallon giwa.

Abu na uku masauki, a nan ne kuwa ya kamata mace ta fi sa ido, domin namiji in ya samu katifa shi ke nan. Masauki iri uku ne. Akwai na cikin gandun, kamar ɗakunan Wikki, amfaninsa shi ne kuna kusa da wurin fita kallo da asuba, amma abinci a can ya fi tsada, kanti da asibiti suna nesa. Akwai otal ko gidan saukar baƙi a gari mafi kusa, inda akwai kasuwa da asibiti, sai dai za a yi sammako a yi doguwar tafiya. Akwai kuma gidan 'yan'uwa, wanda ya haɗa hutu da zumunci, amma a sanar da su da wuri, a tafi da tsaraba da abin cefane, kada a sauke musu mutum takwas a wannan zamani hannu rabbana.

Ko wanne aka zaɓa, a yi waɗannan tambayoyi tun daga gida. Akwai ruwa, ko sai an saya? Wuta fa, in janareto ne ƙarfe nawa ake kashe shi? Banɗaki yana cikin ɗaki ko a waje? Ƙofa da taga suna kulluwa? Akwai masu gadi da dare? Waya tana samun sabis? Ina asibiti mafi kusa? Ana barin baƙo ya yi girki? Mutum nawa ake yarda su kwana a ɗaki ɗaya? A kama ɗaki da wuri, domin a ƙarshen shekara wuri yakan cika. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum da aka gani a Facebook yana cewa shi wakili ne, a biya ofishin wurin, a karɓi rasit. 'Yammata su kwana ɗaki ɗaya da uwa ko wata babba, kada a ware su.

Abu na huɗu guzuri. A riƙe abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar dambun nama, da kilishi, da soyayyar gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da garin kwaki, da dabino, da ruwan sha mai tsabta wadatacce. A sa gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da haɗin gishiri da sukari saboda gudawar yara, da tocila, da buta da dadduma. Mai shan magani kullum kada ta manta nata. Yara su sa takalmi sau-ciki da riga mai dogon hannu. A guji tufa baƙa ko shuɗiya, domin su ne ke jawo ƙudan tsando, ruwan ƙasa ya fi. A wurin da bika suke, kada a bar yaro da abinci a hannu, kada kuma a bar ƙofa a buɗe, fizge suke yi. Kada a sauka daga mota sai ɗan jagora ya ce a sauka. A bakin ruwa kuwa idon uwa kada ya bar kan yaro ko na ƙiftawa ɗaya, domin akwai wurin da zurfinsa ya fi tsayin yaro.

Abu na biyar hanya. A duba mota kwana biyu kafin tafiya. A tashi bayan gari ya waye sosai, a isa kafin la'asar, ba a tafiyar dare da yara ko da wane dalili. A gaya wa mutum ɗaya amintacce a gida inda aka nufa da ranar dawowa. Sauran jama'a kuwa su ji labari bayan an dawo. Ku 'yammata musamman, ku riƙe hotunanku, kada ku sa a WhatsApp ko Facebook kuna sanar da duniya inda kuke kwana. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ke 'yar makaranta, akwai aikin da za ki soma tun yau ba tare da ko kwabo ba. Ki samu ƙaramin littafi, ki zauna wajen kakarki, ki tambaye ta sunayen dabbobi da tsuntsaye da itatuwan da ta sani tana yarinya, da amfanin kowane, ki rubuta. Waɗannan sunaye suna tafiya tare da tsofaffi. Idan Allah ya sa an yi tafiyar, ki tafi da littafin, ki rubuta abin da kika gani da ranar da kika gan shi, in an koma makaranta ki karanta wa 'yan ajinku. Ki kuma sani aikin daji karatu ne da ake ba da takardar shaida a kansa. Akwai kwalejin Gwamnatin Tarayya ta kula da namun daji a Sabon Busa ta Jihar Neja, akwai ta gandun daji a Jos, kuma ana ɗaukar mata. A Kenya tun 1968 'yan makaranta suke da ƙungiyoyin kula da namun daji. Ku roƙi shugabar makarantarku a kafa muku irinta.

KIRANMU GA HUKUMA

Muna kira ga Hukumar Kula da Gandayen Namun Daji ta Ƙasa da Gwamnatin Jihar Kaduna su riƙa gaya wa jama'a halin da Kamuku ke ciki, da Hausa, a rediyo, inda matan aure za su ji. In ba a shiga, a ce ba a shiga, in an buɗe wani ɓangare, a faɗi wane ne. A sake ƙirga dabbobin da suka rage a sanar da mu. A ƙara yawan malaman daji, a ba su kayan aiki, a kuma kula da iyalan waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki. A tanadi masauki mai tsabta da tsaro a cikin garin Birnin Gwari, wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya, har da babban ɗakin kwana na 'yan makaranta, domin ko an buɗe daji, uwa za ta fi so ta kwana cikin gari ta shiga da rana. Idan an zo ɗaukar ma'aikata a soma da 'ya'yan yankin, a ba matan garin wurin sayar da abinci da tukwane da tabarmi, domin wanda ke cin abinci ta dalilin daji shi zai fi kowa tsare shi. Kafin wannan lokaci, jami'an gandun su riƙa zagaya makarantu da hotuna suna yi wa yara bayani.

Mu ma mata akwai namu. Gawayin da muke saye da naman dajin da ake kawo mana talla daga wani daji suka fito. Wadda take da halin komawa ga murhu mai cin itace kaɗan, ko gas, ta koma, naman daji kuwa a bar shi.

Manya suna auna zaman lafiyar Birnin Gwari da yawan motocin hatsi da shanun da suka shiga kasuwa, wannan kuwa ma'auni ne mai kyau. Mu iyaye mata muna da namu: ranar da malama za ta jera 'yan ajinta a mota, iyaye su sa hannu a takarda ba fargaba, a kai su Tsaunin Rema su ga remaye, su ci guzurinsu a Dogon Ruwa, su dawo kafin magariba. Mu ci gaba da tambayar hukuma yaushe ne wannan rana, mu kuma soma zuba adashinta tun yanzu.

Wadda ta taɓa kai iyalinta Yankari ko wani wuri irinsa, ta rubuto mana yadda ta shirya da abin da ta tarar a masauki, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya.